Ina danne Alt, maɗaukin kala yana fitowa, amma burushi ya ƙi canja kala

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a agaza min, tun jiya da daddare abin nan ya hana ni sakat. Photoshop nake amfani da shi a kan Windows 10. Hoton fuskar wata mata nake gyarawa, akwai ɗan duhu a ƙarƙashin idonta na hagu da nake so in sassauta. Yadda na saba yi, ina riƙe da burushi sai in danne Alt, maɗaukin kala ya fito, in taɓa kumatu inda fatar ta fi haske, in saki in ci gaba da shafawa. To yanzu idan na danne Alt ɗin yana fitowa lafiya lau, har da zoben nan mai nuna kala. Amma da na saki na shafa, sai shuɗin rigarta da na ɗauka tun farko ya fito. Sau uku ina yi wa baiwar Allah shuɗin tabo a ƙarƙashin ido.

Na ce bari in bi ta ɗaya hanyar, na danna I. Sai ga rula ta fito, wai in auna tsawo. Ni kuwa wallahi ban taɓa komai a saiti ba.

Sarkin Gaggawa:
Wa alaikumus salam. Sauke manhajar ka sake ɗorawa, shi ke nan. Kar ka ɓata wa kanka lokaci.

Baban Tagwaye:
Duba ko Caps Lock a kunne yake. Ni ya taɓa yi min haka.

Anti Mai Launi:
Baban Tagwaye, Caps Lock siffar kibiyar kawai yake canjawa, ya mai da ita ɗan giciye. Ba ruwansa da kalar da aka ɗauka. Shi kuma ya ce maɗaukin yana fitowa da siffarsa, ka ga ke nan ba nan matsalar take ba.

Ɗan Koyo, ƙanena, kar ka sauke komai tukuna. Matsala biyu ce ka haɗa, kuma ba dangin juna ba ne. Mu fara da mai sauƙin. Harafin I ba na maɗaukin kala kaɗai ba ne, na gidansu ne gaba ɗaya. Rula tana cikin gidan, haka abin liƙa ɗan rubutun tuni, haka wanda ake dasa alama da shi a kan hoto don a riƙa ganin lambar kalar wurin. Wanda ka yi amfani da shi na ƙarshe shi ne zai amsa idan ka danna I. Riƙe Shift ka riƙa danna I, za su yi ta zagayowa har maɗaukin ya dawo.

Ta biyun kuma, ina so ka yi min abu ɗaya. Ka sa ido a kan murabba'an nan guda biyu da ke can ƙasan jerin kayan aiki, na gaba da na baya. Danne Alt ka taɓa kumatun. Wanne ne ya canja?

Ɗan Koyo:
Anti, Shift da I ya yi aiki, sai da na danna sau uku ya dawo. Na ma tuna, shekaranjiya na auna wani hoto da ya karkace da rular. Ashe ni na jawo.

Murabba'an kuma na duba. Ikon Allah! Na bayan ne yake canjawa. Na gaban yana nan da shuɗinsa ko gezau.

Anti Mai Launi:
Yauwa, abin da nake zato ke nan. Danna F6, akwatin Color zai buɗe. A kusurwarsa ta sama akwai wasu ƙananan murabba'ai biyu irin waɗancan. Ka lura da kyau, ɗaya yana da ɗan siririn layi kewaye da shi, shi ne wanda aka zaɓa. A naka na bayan ne ke da layin. Taɓa na gaban sau ɗaya tak. Idan ka taɓa sau biyu wani akwati ne zai buɗo maka, ba shi muke nema ba.

Abin da ke faruwa shi ne maɗaukin yana zuba abin da ya ɗebo ne a cikin murabba'in da aka zaɓa a wannan akwatin, shi kuwa burushi daga na gaba kawai yake sha. Kai kana ta ɗiba kana zubawa a tulun baya, burushi yana ta shan na gaba. Maɓallinka lafiyarsa ƙalau. Layin nan siriri ne ƙwarai, mutum zai iya taɓa shi bisa kuskure bai sani ba, shi ya sa abin yake rikita har waɗanda suka daɗe a aikin.

Ɗan Koyo:
Alhamdulillah, ya gyaru! Allah ya saka da alheri Anti, ya ƙara basira. Da na bi ta Sarkin Gaggawa da yanzu ina can ina jiran lodi.

Sarkin Gaggawa:
Ai da ka bi tawa ma da ya gyaru. In kuma sake ɗorawa ya yi maka nisa, ga ta kusa: rufe manhajar, ka riƙe Ctrl da Alt da Shift lokacin da kake buɗe ta, za ta tambaye ka ko ta goge fayil ɗin saiti, ka ce eh. Komai ya koma yadda ya zo. Minti ɗaya ya ishe ka. Ni ban ga amfanin doguwar tambaya ba alhali aiki na jiran mutum.

Anti Mai Launi:
Malam Sarki, ban ce hanyarka ba ta aiki. Tana yi. Amma kamar mai rushe ɗaki ne don ɓera ya shiga. Duk abin da mutum ya shirya wa kansa a saiti zai tafi, ya koma yana tunanin yadda ya jera abubuwansa. Sa'annan mako mai zuwa in hannunsa ya sake taɓa murabba'in nan, me zai yi? Ya sake gogewa? Yanzu kuwa ya san wurin, da ido ɗaya zai gane.

Sarkin Gaggawa:
Ke malama ce, koyarwa kike so. Ni mai aiki ne, gamawa nake so.

Injiniyan Gida:
Ku biyun kowa da tasa gaskiyar, amma bari in gyara abu ɗaya. Sake ɗora manhaja sau da yawa ba ya taɓa saiti ko kaɗan, don fayilolin saitin ba sa zama tare da manhajar. A Windows suna cikin babban fayil ɗin AppData na mai kwamfutar. In ba ka ce a cire su ba lokacin saukewa, za ka gama wahalar lodi ka buɗe ka tarar da matsalarka zaune tana jiranka. Don haka shawarar farko ta Sarkin Gaggawa ba lallai ta yi magani ba. Ta biyun ce mai ƙarfi. Ita ma duk mai son yi ya fara fitar da burusansa da jerin maɓallan da ya shirya ya ajiye a gefe.

Ɗan Koyo:
Jama'a ku yi haƙuri na sake dawowa. Ana ga wata ga wata. Bayan komai ya daidaita na yi aiki kamar na minti ashirin lafiya. Yanzu kuma haruffan ne gaba ɗaya suka mutu. B ba ya kawo burushi, I ba ya kawo komai, X ba ya musanya kala. Alt kaɗai ke aiki. Na rufe manhajar na buɗe, ya dawo daidai, can kuma ya sake ɗaukewa.

Baban Tagwaye:
Anya ba kibod ɗin ne ya fara lalacewa ba? Ko ruwa ya taɓa zuba a kai?

Sarkin Gaggawa:
Me na ce? An kashe maciji ba a sare kansa ba. Goge saitin nan ka huta.

Injiniyan Gida:
Dakata tukuna. Ɗan Koyo, ka ɗauka maɓallin da ka danna ɗan aike ne. Kafin ya isa ga burushinka sai ya ratsa ta hannu da yawa: kibod ɗin kansa, sai Windows, sai duk wata ƙaramar manhaja da ke fake a baya tana sauraron maɓallai, sa'annan Photoshop, a cikinsa ma sai ya faɗa hannun wurin da ka taɓa na ƙarshe. Kowannensu zai iya tare shi a hanya. Aikinmu mu gano inda aka tare shi, ba mu yi ta duka a duhu ba.

Lokacin da abin ya ɗauke, kar ka rufe komai. Buɗe Notepad ka rubuta b, i, x. Faɗa min abin da ya fito. In sun fito, kibod ya kuɓuta. Sai tambaya ta biyu: mene ne abu na ƙarshe da ka danna kafin su mutu?

Ɗan Koyo:
Oga, na gwada. Haruffan Larabci ne suka fito a Notepad ɗin! Kuma a kusa da agogo inda aka saba rubuta ENG yanzu harafin ع ne.

Abu na ƙarshe da na danna, wata dabara ce na koya yau, a riƙe Shift da Alt a danna maus na dama, sai faifan zaɓen kala ya fito a kan hoton kai tsaye. Ta burge ni, sai na yi ta yi.

Injiniyan Gida:
To allura ta tono garma. Ka ga mai tare maka ɗan aike. Alt na hagu da Shift su ne maɓallan da Windows ke canja harshen kibod da su tun da daɗewa, in dai akwai harshe fiye da ɗaya a kwamfutar. Kai kana kiran faifan kala, shi kuma Windows ya ji kana cewa a koma Larabci. Da ya koma, maɓallin da ke da I a jikinsa ya daina aika I, wani harafi yake aikawa, manhajar kuma ba ta da aikin da ta ɗaura wa wannan harafin. Alt bai mutu ba don shi ba harafi ba ne.

Maganin gaggawa: riƙe maɓallin Windows ka danna Space har ENG ya dawo. Maganin dindindin: a wurin bincike na Start rubuta Advanced keyboard settings, shiga Input language hot keys, danna Change Key Sequence, ka mai da su Not Assigned. Ba ka rasa komai ba, Larabcinka yana nan, Windows da Space zai ci gaba da kai ka duk lokacin da kake so.

Malam Sarki, da girmamawa, wannan ko sau goma aka goge saitin Photoshop ba za ta gyaru ba, don ba a cikinsa take ba.

Sarkin Gaggawa:
Na karɓa. Wannan kam ba gonata ba ce.

Anti Mai Launi:
Faifan da ka koya ɗin nan tun Photoshop CS5 ya shigo, a 2010, kuma sai an kunna Use Graphics Processor a saiti yake fitowa, shi da zoben kalar da ka ambata a farko. Na faɗa ne saboda wanda zai gwada ya ga nasa bai fito ba ya zaci maɓalli ne. In kuma yatsu uku sun yi wa mutum yawa, a Edit, Keyboard Shortcuts, ɓangaren Tools, akwai Foreground Color Picker can ƙasan jerin. Za ka iya ba shi harafi ɗaya, ya riƙa buɗo maka babban akwatin zaɓen kala. In harafin da ka zaɓa yana da mai shi, manhajar za ta yi maka gargaɗi kafin ta ƙwace.

Na Bayan Fage:
Gafara dai, bari in raɓa a nan tunda zancen ɗaya ne. Ni Krita, wata manhajar zane, nake amfani da ita a kan Linux Mint. Asali Ctrl ne ke ɗaukar kala a can, amma hannuna ya saba da Alt, sai na shiga Canvas Input Settings na canja. Yanzu in na danne Alt na taɓa zane, tagar manhajar ce gaba ɗaya take biyo maus ɗin kamar an ɗaura mata igiya.

Injiniyan Gida:
Irin ta Ɗan Koyo ce, mai tarewar ne kawai ya bambanta. A teburin Cinnamon na Linux Mint, Alt da jan maus aikinsa matsar da taga ne, kuma shi yake fara karɓar maɓallin kafin Krita ta gani. Shiga System Settings, Windows, Behavior, akwai wurin da ake zaɓar maɓallin matsar da taga. Mai da shi Super, wato maɓallin nan mai tambarin Windows. Masu teburin Xfce kuma nasu yana cikin Window Manager Tweaks, shafin Accessibility. Masu GNOME ba su cika haɗuwa da wannan ba don su Super ne tun asali.

Na Bayan Fage:
Ya yi. Wata biyu ina fama, ashe abu ne na daƙiƙa goma.

Mai GIMP Har Abada:
Ku dawo manhajar gyaran hoto ta GIMP ku huta da rigimar Alt. Mu Ctrl muke dannewa a kan burushi ko fensir, O kuma ya kawo maɗaukin kala. Ba mai yi mana kutse.

Anti Mai Launi:
Kai ma kar ka cika baki, kuna da naku tarkon. Riƙe magogi a GIMP ka danne Ctrl ka ɗauki kala, ka ga inda za ta shiga. Cikin kalar baya za ta shiga, kuma da gangan aka yi shi haka, don magogi da kalar baya yake shafewa a leya, wato shimfiɗar hoto, wadda ba ta yarda a gani ta cikinta. Wanda bai sani ba zai rantse abin ya lalace. Haka in kana riƙe da abin kwafar wuri, Ctrl ba kala yake ɗauka ba, wurin da za a kwafo yake nunawa. Photoshop ma haka Alt yake yi a kan nasa abin kwafar. Kafin mutum ya zargi maɓalli ya fara duba abin da ke hannunsa.

Mai GIMP Har Abada:
Gaskiya ne Anti, na magogin ya taɓa kama ni. Akwai kuma wata da nake yawan gani wurin masu koyo: mutum ya gama rubuta girman burushi a ɗan akwatin lamba, bai fita daga ciki ba, sai ya danna O. Harafin ya tafi cikin akwatin, kayan aiki bai canja ba. Sai ka koma kan tagar hoton kafin ya amsa. Da kuma wanda zai buɗe sabuwar leya fayau ba komai a cikinta, ya sa maɗauki a kai bai kunna Sample merged ba, yana mamakin me ya sa kalar da yake gani da idonsa ba ita ake ɗauko masa ba. Leyar da yake tsaye a kai ake tambaya, ita kuwa ba ta da komai.

Baban Tagwaye:
Tunda an zo nan, ni ma ga tawa. Alt na dama ba ya ɗaukar min kala, na hagu ne kawai. Na daɗe da haƙura.

Injiniyan Gida:
Duba jikinsa ko an rubuta AltGr. Ko ba a rubuta ba, a tsarin kibod da yawa, irin na Ingila da na Faransa da wanda ake kira US International, na daman ba Alt zalla ba ne. Windows yana ɗaukarsa kamar an danne Ctrl da Alt tare, don a samu fitar da ƙarin haruffa. Manhaja kuwa Ctrl da Alt wani umarni ne daban a wurinta. Ba lalacewa ya yi ba. Ka ci gaba da na hagunka, ko ka koma tsarin US na asali inda duka biyun Alt ne.

Ɗan Koyo:
Na cire Alt da Shift ɗin kamar yadda Oga Injiniya ya ce. Na yi awa ɗaya ina kiran faifan kala, ENG bai motsa ba. Na gode ƙwarai.

Tambaya ta ƙarshe, in ban takura ba. Yanzu kalar tana ɗaukuwa, amma in na taɓa kumatu sau biyu a wuri kusan ɗaya sai in samu kala biyu mabambanta. Ɗazu ma wata ja-ja ta fito min daga wurin da idona ke ganin ruwan ƙasa ne.

Anti Mai Launi:
Wannan ba matsalar maɓalli ba ce, ka shigo aikin gaske. Ƙara girman hoton sosai a kan kumatun har ka fara ganin fiksel ɗaya-ɗaya. Za ka ga fatar ba kala ɗaya ba ce, wani ɗigo ja-ja, na kusa da shi ya yi duhu, wani har da ɗan kore, balle in an ɗauki hoton a wuri mai ƙarancin haske. Ido ne yake haɗa su ya ba ka ruwan ƙasa. Maɗaukinka yana kan Point Sample, ɗigo ɗaya tak yake tsinta, duk wanda ya faɗa a kai.

Danna I, ka duba sama inda aka rubuta Sample Size, ka mai da shi 5 by 5. Zai haɗa fiksel 25 ya ba ka matsakaicinsu. Kuma abin da ka saita a nan shi Alt zai bi in kana riƙe da burushi, shi kansa burushin ba shi da wurin saita wannan. A gefensa akwai Sample, in kana shafa a sabuwar leya ka bar shi a All Layers.

Sarkin Gaggawa:
5 ya yi kaɗan a hotunan yanzu. Hoton da faɗinsa ya kai fiksel 6000, biyar ɗin ai ɗigo ne har yanzu. Ni 11 nake sawa a fata, wani lokaci 31.

Anti Mai Launi:
A tsakiyar kumatu ko goshi na yarda da kai, 11 ya fi. Amma shi a ƙarƙashin ido yake aiki. In ya sa 31 a wurin zai kwaso gashin ido da inuwar hanci ya haɗa da fata, ya samu wata kala mai dauɗa da babu ita a fuskar. Ya fara da 5, in ya matsa fili ya ƙara.

Af, na manta. In wata rana ka ɗauki kala ka ga toka-toka kawai take ba ka, duba leyarka, a kan abin rufe leya, wato layer mask, kake tsaye ba a kan hoton ba. Shi baƙi da fari da toka kaɗai ya sani.

Ɗan Koyo:
Na sa 5 a kusa da ido, 11 a kumatu. Na rage ƙarfin burushin zuwa kashi 15 ina shafawa a hankali, duhun ya sassauta kuma fatar ba ta zama kamar roba ba. Na tura wa mai hoton, ta ce in yi wa ɗaya idon ma.